Kundin aiki: ɗigo da waƙafi a manhajar sayen riɗi

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Kakar riɗi ta matso. Manhajar da akawunan ƙungiyar manoma ke shigar da awo da ita a rumfunan saye na yankin Gumel, Gagarawa da Maigatari tana da ciwo guda da ake son warkarwa kafin buhun farko ya hau sikeli: ba ta da tsayayyar doka a kan ɗigo da waƙafi. Akawu ya rubuta 87.5 ta karɓa, ya rubuta 87,5 ta karɓa, amma abin da take ajiyewa a lokutan biyu ba ɗaya ba ne, kuma ba ta faɗa wa kowa.

Ga yadda tsarin yake. Kowane akawu yana da wayar Android. Manhajar tana ajiye awo a rumbun SQLite da ke cikin wayar, domin yawancin rumfunan ba su da sabis mai ƙarfi. In an samu sabis sai ta tura bayanan zuwa uwar-garke, wato babbar kwamfutar da ake tara komai, mai rumbun PostgreSQL. Daga can ma'aji yake sauke takardar Excel ya biya kuɗi. Ke nan lamba ɗaya tana ratsa hannu huɗu: madannan waya, rumbun waya, hanyar turawa, da takardar ma'aji. Kowanne a cikinsu yana da nasa ra'ayin a kan ma'anar waƙafi.

A Najeriya ɗigo ne yake raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, waƙafi kuma yana raba dubbai: ₦1,450.50. A Nijar, inda aka gaji tsarin Faransa, waƙafi ne yake raba gutsure, dubbai kuma a bar musu tazara: 1 450,50. A Jamus ma a juye abin yake ɗungurum, 1.450,50. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Babban taron ma'auni na duniya da aka yi a 2003 ya amince da ɗigo da waƙafi duka a matsayin alamar gutsure, ya kuma ce kada a sa ko ɗaya daga cikinsu a tsakanin dubbai. Wannan shawara ta ƙarshe ba ta iso kasuwa ba, kuma ba za ta iso ba.

Abin ya shafe mu kai tsaye saboda iyaka. Wasu akawunan sun yi karatu a Damagaram, hannunsu ya saba da waƙafi. Wasu wayoyin kuma na hannu ne da aka sayo daga tsallake, harshensu Faransanci. Aikin makon nan: gano abin da kowane hannu cikin huɗun yake yi wa lamba.

Alhamis, 11 ga Satumba, 2025

An ɗauki misali guda an bi da shi ko'ina: buhu mai kilo 87.5, a kan ₦1,450 kowane kilo. Kuɗin manomi ₦126,875.

A manhajar waya, NumberFormat na Java, yaren da aka rubuta manhajar da shi, shi ne yake karanta abin da aka rubuta, kuma yana bin harshen wayar. A wayar Turanci, 87,5 ya koma 875, domin ya ɗauki waƙafin a matsayin mai raba dubbai ya jefar da shi, bai damu da cewa lamba ɗaya ce kawai ta biyo bayansa ba. Kuɗin ya zama ₦1,268,750. Wannan da sauƙi, kowa zai gani ya yi ihu. A wayar Faransanci, 87.5 ya koma 87: ya karanta har ya iso ɗigo, bai gane shi ba, ya tsaya, bai kuma yi ƙorafi ba. Kuɗin ya zama ₦126,150. Manomi ya yi asarar ₦725 a buhu ɗaya, kuma rasit ɗin ya yi kama da gaskiya.

Mafi muni shi ne gurbin farashi a wayar Faransanci. Akawu ya rubuta nauyi 87,5 daidai da yadda wayar take so, sannan ya rubuta farashi 1,450 kamar yadda kowa yake rubutawa a nan. Wayar ta karanta naira ɗaya da kwabo arba'in da biyar. Ta ninka, ta samu naira 126 da gutsure 875. Da ta zo nunawa sai ta rubuta shi da salon Faransanci, kuma NumberFormat yana nuna har lamba uku bayan alamar gutsure in ba a hana shi ba. Abin da ya fito a fuskar waya: 126,875. Akawu ya duba, ya lissafa a kalkuletarsa, ya ga daidai ne, manomi ya ga daidai ne. A cikin rumbu kuwa kashi ɗaya cikin dubu na kuɗin ne yake kwance. Babu idon da zai kama wannan a rumfa. Sai ranar biya.

Shafin intanet da sakatare ke gyara bayanai da shi yana amfani da parseFloat na JavaScript. Shi ba ruwansa da harshen kowa, ɗigo kaɗai ya sani. 87,5 ya ba da 87, 1,450 ya ba da 1. Takwaransa Number ya fi shi gaskiya, yana mayar da NaN, wato "ba lamba ba ce", sai dai in gurbin babu komai yana mayar da sifili, wanda shi ma tarko ne.

SQLite ba ya ƙin komai. Ko an ce ginshiƙi na REAL ne, wato na lamba mai gutsure, in aka ba shi 87,5 a matsayin rubutu zai ga bai yi kama da lamba ba, ya ajiye shi a rubutunsa. In aka tilasta masa ya mayar da rubutun lamba, wato CAST zuwa REAL, sai ya ba da 87.0. PostgreSQL ne kaɗai ya tsaya da ƙafarsa: ya ƙi karɓa, ya mayar da saƙon kuskure. Shi ya sa wasu awon bara suka maƙale a wayoyi ba su taɓa isa uwar-garke ba, ana ta zargin sabis.

Talata, 16 ga Satumba, 2025

An tsayar da shawara a kan ajiya, kuma duk sauran aikin a kanta zai hau. Ɗigo da waƙafi sha'anin ido ne da yatsa. Ba su da wurin zama a cikin rumbu. Nauyi za a ajiye shi da giram, kuɗi da kwabo, fili da murabba'in mita, duk cikakkun lambobi. Kilo 87.5 ya zama 87500. ₦1,450 ya zama 145000. Hekta 0.4 ya zama 4000. Ragin datti na kashi 2.5 cikin ɗari ya zama 250, wato kashi 250 cikin dubu goma.

An duba barin su a REAL ko double, takwaransa na Java, an ƙi. Kwamfuta tana ajiye irin waɗannan lambobi da tsarin sifili da ɗaya, kuma 0.1 ba shi da cikakken wakili a can. A JavaScript da Python, 0.1 a tara da 0.2 yana ba da 0.30000000000000004. A buhu ɗaya ba komai ba ne, amma jimillar kaka guda za ta riƙa saɓawa da ta ma'aji da 'yan kwabbai, kuma duk wanda ya taɓa zaman rufe lissafin ƙungiya ya san kwabo ɗaya da ba a san inda ya shiga ba ya isa ya tsayar da taro. A PostgreSQL, NUMERIC(14,2) zai yi aiki lafiya, amma SQLite ba shi da takwaransa na gaskiya, kuma an fi son ɓangarorin biyu su riƙe abu iri ɗaya. An kuma kauce wa nau'in money na PostgreSQL, domin yadda yake karanta kuɗi da nuna su ya dogara da saitin lc_monetary na uwar-garke, wato ciwon da muke gudu ne ya sake dawowa ta taga.

Abubuwa uku da wannan shawara ta jawo.

Girman lamba. Lamba mai bit 32 tana tsayawa a 2,147,483,647. In kwabo ne, ₦21,474,836.47 ke nan, kuɗin da bai kai na tirela guda ta riɗi ba. Tun kafin a kai nan ma, ninka 87500 da 145000 yana ba da 12,687,500,000, ya riga ya tsallake iyaka a buhu ɗaya tal, kuma Java ba ta gargaɗi, juyewa kawai lambar take yi ta zama shirme. Don haka an koma lamba mai bit 64: BIGINT a PostgreSQL, Long a manhaja, kuma a bi duk inda aka rubuta getInt a mayar da shi getLong.

Rabawa. A SQLite da PostgreSQL, 87500 / 1000 yana ba da 87, ba 87.5 ba, tun da duka biyun cikakkun lambobi ne. A duk rahoton da zai nuna kilo dole a raba da 1000.0.

Ƙofa. SQLite ya samu teburan STRICT, masu ƙin rubutun da ba lamba ba a ginshiƙin lamba, a sigar 3.37 ta ƙarshen 2021, amma kowace waya da sigar da ta zo da ita, kuma tsofaffin ba su kai nan ba. An sa sharaɗin CHECK a maimakonsa: typeof na ginshiƙin, wato nau'in abin da ke ciki, dole ya zama integer, cikakkiyar lamba, kuma nauyin buhu ya faɗa tsakanin giram 1000 da 150000.

Asabar, 27 ga Satumba, 2025

An gama dokar shigarwa. Wannan ne ya fi cin lokaci, don a nan ne ake son yin wayo, kuma wayon ne yake jawo ɓarna.

Dabarar da kowa yake fara kawowa ita ce a maye kowane waƙafi da ɗigo kafin a karanta. Tana gyara 87,5. Tana kuma mayar da 1,450 ya zama 1.45, da 1,250,000 ya zama abin da ba lamba ba. Kishiyarta, a goge kowane waƙafi, tana gyara 1,450 ta mayar da 87,5 ya zama 875. Babu doka ɗaya da za ta yi wa kowane gurbi daidai. Dole kowane gurbi ya san irin lambar da yake jira.

Gurbin nauyi ya fi sauƙi. Buhu ɗaya ake aunawa a lokaci guda, kuma babu buhun da ya kai kilo dubu, saboda haka mai raba dubbai ba shi da aiki a nan. Ɗigo ko waƙafi, duk wanda ya zo, alamar gutsure ce. Alama ɗaya kawai ake karɓa, da lamba ɗaya ko biyu a bayanta. Wanda ya rubuta 87,500 za a mayar masa, domin ba a san ko giram yake nufi ko kilo da sifilai na ado ba.

Gurbin kuɗi shi ne mai wuya. An cire madannan wayar gaba ɗaya daga wannan gurbi, an zana na manhaja: sifili zuwa tara, maɓallin ɗigo guda, maɓallin gogewa, da maɓallin 000. Babu waƙafi. Akawu yana danna 1450, manhaja tana nuna ₦1,450 da manyan lambobi a sama yayin da yake dannawa, ita take sa waƙafin da kanta. Dalilin zana madannai na kanmu shi ne numberDecimal, saitin Android na gurbin lamba mai gutsure, ba abin dogaro ba ne: kafin Android 8.0 matatarsa ɗigo kawai ta sani, kuma har yanzu kowane kamfanin waya da irin madannan da yake sawa, wani ya nuna waƙafi matata ta ƙi shi, wani ya ɓoye alamar gaba ɗaya.

Saura abin da aka kwafo aka liƙa, kamar daga saƙon banki ko na WhatsApp. Ga yadda ake bi da shi, bi da bi:

In ɗigo da waƙafi duka suna nan, na ƙarshe shi ne alamar gutsure, ɗayan mai raba dubbai. 126,875.00 da 126.875,00 abu ɗaya ne.

In alama ɗaya ce ta maimaitu, mai raba dubbai ce, kuma kowane rukuni bayan na farko dole ya zama lamba uku cif. 1,250,000 ya wuce. 12,50,000 bai wuce ba.

In alama ɗaya ce sau ɗaya, da lamba ɗaya ko biyu a bayanta, gutsure ce.

In alama ɗaya ce sau ɗaya, da lamba uku cif a bayanta, manhaja ba ta yanke hukunci. Tana fito da maɓallai biyu: "Naira dubu ɗaya da ɗari huɗu da hamsin" da "Naira ɗaya da kwabo arba'in da biyar", akawu ya zaɓa. An yi gardama a kan wannan. Hujjar masu cewa a bar shi ya wuce a matsayin dubbai tana da ƙarfi, tun da kwabo ba ya kai lamba uku. Amma wannan matatar ce za ta yi aiki a gurbin hekta da na jimillar kaya da tan, inda 1,450 zai iya zama ko wanne. Danna maɓalli ɗaya bai kai wahalar neman kuskure bayan wata biyu ba.

Bayan an tace, ba a bi ta double ko sau ɗaya. Ana raba rubutun gida biyu a kan alamar, a cike gefen dama da sifili zuwa lamba uku in giram ne ko biyu in kwabo ne, a haɗa. 87 da 5 ya zama 87 da 500, ya zama 87500. A kula: 87.05 giram 87050 ne, ba 87500 ba, kuma wannan yana cikin gwaje-gwajen da manhaja za ta ci kafin a fitar da kowace sabuwar siga.

Gurbin da aka bari babu komai ba sifili ba ne. Ana ƙin ajiye shi.

Juma'a, 3 ga Oktoba, 2025

Jiya Alhamis kasuwar Maigatari ta ci, kuma a rumfar can aka fara gwada sabuwar sigar a kan wayoyi iri-iri. Shigarwa ta yi daidai. Abubuwa uku suka fito ta wasu kafofi.

Na farko, fitarwa. Tsohon ɓangaren da ke haɗa saƙon turawa yana amfani da String.format, mai mayar da lamba rubutu, ba tare da an faɗa masa harshe ba, shi kuma sai ya bi na waya. Nauyi da kuɗi sun tsira tun da yanzu cikakkun lambobi ne, amma wurin gona da GPS ya ɗauko bai tsira ba. Lambobi biyu ne da ake haɗawa da waƙafi a tsakani, kamar 12.81,9.44. A wayar Faransanci suka fito 12,81,9,44, yanki huɗu, uwar-garke ta rasa inda za ta yanka. An raba su gurbi biyu a cikin JSON, tsarin rubuta saƙon turawa, a matsayin lambobi ba rubutu ba, domin JSON ɗigo kaɗai ya sani ko a wace ƙasa. Duk sauran wuraren da injin ne zai karanta abin da aka rubuta an sa musu Locale.ROOT, saitin da ba ya bin harshen waya.

Na biyu, Larabci. Akawun da ya fito daga makarantar allo ko Islamiyya yakan bar wayarsa ko madannansa a Larabci. Lambobin da ke fitowa daga can ba su ne 0 zuwa 9 da rumbu ya sani ba. A jerin haruffan kwamfuta na Unicode suna zaune daga U+0660 zuwa U+0669, suna da alamar gutsure tasu, U+066B, da mai raba dubbai tasu, U+066C. A wasu saitunan Larabci String.format ma yana fitar da cikakkiyar lamba da waɗannan alamomi, ke nan har giram ɗinmu ba su tsira ba sai da Locale.ROOT. A gefen shigarwa an ƙara mataki kafin tacewa: a mayar da su lambobin boko, a haɗa da na Farisa da ke U+06F0 zuwa U+06F9. Wani abin lura ga mai rubuta manhaja: \d, alamar neman lamba a cikin rubutu, a Java ta kwamfuta lambobin boko kawai yake kamawa, a Android kuwa yana kama na Larabci ma. Gwaji zai ci a kwamfuta ya faɗi a waya. An maye shi da [0-9] ko'ina.

Na uku, tazara. Kuɗin da aka kwafo daga wayar Faransanci, 126 875, tazarar da ke ciki ba wadda maɓallin tazara ke bayarwa ba ce. Tsofaffin wayoyi suna sa U+00A0, sababbi U+202F. Da ido ba a bambanta su. Matata yanzu tana cire duka ukun, amma sai ta tabbatar rukunin da ya biyo bayan tazarar lamba uku ne.

Laraba, 8 ga Oktoba, 2025

An haɗa sikeli mai Bluetooth a rumfa ɗaya. Yana turo layi kamar haka: ST,GS,+0087.50kg. Waƙafan nan masu raba gurabe ne. ST yana nufin awon ya tsaya cak, US yana nufin yana rawa, GS nauyi ne har da buhu, NT bayan an cire buhu. Kada wannan layi ya bi ta matatar akawu. An rubuta masa mai karatu na daban wanda yake yanka layin gida uku, ya ƙi duk abin da bai fara da ST ba, ya karɓi ɗigo kaɗai. Rumbu yana kuma ajiye ko awon daga sikeli ya zo ko daga yatsa.

Litinin, 20 ga Oktoba, 2025

Batun cike gutsure. Buhun nan mai giram 87500, in aka cire masa kashi 2.5 cikin ɗari na datti, ragin giram 2187 da rabi ne. In aka cike ragin zuwa 2188 an ci manomi rabin giram, in aka sauke zuwa 2187 an ci ƙungiya. Rabin giram a wannan farashi kwabo 72 da rabi ne. Ba kuɗi ba ne, amma ya isa ya sa lissafin waya da na Excel su saɓa, sannan a daina yarda da duka biyun.

Doka: ana cikewa sau ɗaya tak, a ƙarshen layi, a kan kwabo. A ninka 87500 da 9750 (wato 10000 a cire 250 na datti) da 145000, a raba da miliyan goma. Sakamako kwabo 12,370,312 da rabi, a cike sama, ₦123,703.13. Don rabawar cikakkun lambobi ta cike sama, ana ƙara rabin abin rabawa, wato miliyan biyar, kafin a raba. Wannan dabara tana aiki ne ga lambobin da ba su ƙasa da sifili ba. Layin mayar da kuɗi ana lissafa shi a tsaye sannan a sa masa alamar ragi.

Dalilin rubuta dokar da hannu shi ne kayan aikin ba su yarda da juna ba. ROUND na Excel da NUMERIC na PostgreSQL suna tura rabi sama. round na Python 3 yana tura rabi zuwa lamba mai rabuwa biyu mafi kusa, 2.5 ya zama 2, 3.5 ya zama 4. DecimalFormat na Java shi ma haka yake yi in ba a canza masa ba. Jimillar manomi tara layukan da aka riga aka cike ne, ba sabon lissafi daga jimillar nauyi ba, don rasit-rasit ɗin da ke hannunsa su haɗu su ba da abin da aka biya shi.

Biyan hannu wani abu ne daban. Babu wanda zai ƙirga kwabo 13 a Gagarawa, kuma ƙaramar takardar kuɗi ₦5 ce. Kwamiti zai faɗi zuwa nawa za a riƙa cikewa. Ko me ya faɗa, abin da aka biya da bambancin za su zauna a gurabensu, ba za a taɓa ainihin kuɗin layi ba.

Talata, 28 ga Oktoba, 2025

Takardar ma'aji. CSV, fayil ɗin rubutu zalla da Excel ke buɗewa, waƙafi yake raba gurabe da shi, don haka 87,5 da ba a kulle cikin alamar zance ba yana fashewa gida biyu ya ture duk ginshiƙan da ke damansa. Excel kuma ba ya karanta CSV da wata doka tasa, saitin yanki na Windows yake bi. A kwamfutar da yankinta Faransa ne, waƙafi mai ruwa yake jira tsakanin gurabe, sai ya zuba layin gaba ɗaya a ginshiƙi guda, ko ya ɗauki 87.5 a matsayin rubutu. SUM yana tsallake rubutu shiru. Alamar da za a gane da ita: lamba tana jingina dama a cikin akwati, rubutu yana jingina hagu. Ma'aji yanzu yana da akwati biyu a ƙasan kowane ginshiƙi, COUNT mai ƙirga lambobi kaɗai da COUNTA mai ƙirga duk akwatin da ke da wani abu. In suka saɓa, akwai rubutu a cikin lambobi.

An daina ba mutane CSV. Su xlsx ake ba su, fayil ɗin Excel na asali, inda lamba take zaune a matsayin lamba, kowace kwamfuta ta nuna ta da salon da ta saba. CSV ya rage tsakanin inji da inji: giram da kwabo, ba ɗigo ba waƙafi. Tsofaffin takardun da suka cakuɗe ana gyara su da NUMBERVALUE, wanda ya zo tun Excel 2013, don shi ana faɗa masa alamar gutsure da ta dubbai a fili.

A hanya aka gyara wani abu da ba na ɗigo ba: lambar asusun banki mai lamba goma da lambar waya suna rasa sifilin farko in Excel ya ɗauke su lambobi. Ginshiƙansu sun koma rubutu.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, 2025

An fara wankin bayanan bara. Sharaɗi na farko: ba a goge komai. Tsohon ginshiƙi yana nan yadda yake, sabon ginshiƙin giram yana gefensa, da na uku mai faɗin yadda aka samo sabuwar lambar, ko kai tsaye, ko ta doka, ko daga takarda.

Kurakuran sun kasu uku bisa sauƙin kama su. Waɗanda SQLite ya ajiye a matsayin rubutu su ne masu daɗi: a nemi layukan da typeof ya ce text, ainihin abin da akawu ya danna yana nan, a bi da shi ta sabuwar matata. Waɗanda suka kumbura ko suka shanye, 875 a maimakon 87.5, ko farashin 1.45, iyaka tana kama su: nauyi sama da kilo 150, farashi ƙasa da ₦100. Ko su ba a gyara su da raba goma ko ninka dubu kai tsaye. 8725 zai iya zama 87.25, raba goma zai ba da 872.5. Ana fitar da shawarar gyara, mutum ya duba kwafin rasit ya amince.

Na ukun su ne waɗanda aka yanke wa wutsiya, 87 a maimakon 87.5. Babu abin da ke cikin layin da zai nuna an yanke shi. Hanyar da ta rage ita ce a duba waya-waya: a ƙirga, a kowace waya, awo nawa ne suke da gutsure. Sikelin da ke nuna rabin kilo ba zai yini yana ba da cikakkun lambobi kaɗai ba. Wayar da duk awonta suka ƙare a sifili, ko suka fara yin haka daga wata rana, ita ce abin zargi, kuma littafin rasit na wannan akawu ne za a ɗauko a bi layi-layi. Inda kwafin ya ɓata ko ya goge, layin yana zama da alamar "ba a tabbatar ba", ba a ƙirƙira masa rabi.

Jerin manoman da abin ya shafa kwamiti za a miƙa wa, shi ne mai ikon cewa a cika musu.

Asabar, 15 ga Nuwamba, 2025

Rasit. Ƙaramar firintar zafi mai takarda milimita 58 tana ɗaukar harafi 32 a layi, ba ta san alamar ₦ ba, kuma siririyar tazarar Faransanci tana fito mata alamar tambaya. Yanzu rasit yana fita da salo ɗaya ko wane harshe wayar take ji: N126,875.00 da 87.5 kg. Gutsuren da bai kai ɗaya ba ana buga shi da sifili a gaba, 0.5 ba .5 ba, domin takardar zafi tana dusashewa a aljihu, ɗigo ne kuma yake fara ɓacewa. An ƙara layin da ke rubuta nauyi da kalmomi, "kilo tamanin da bakwai da rabi", don akawu ya karanta wa manomi. Kuɗi ba a yi musu haka ba tukuna, saboda "dubu ɗari da ashirin" yana iya zama 120,000 ko 100,020, sai an tsayar da salon da ba zai rikita ba.

Abin da ya rage: shafin sakatare har yanzu parseFloat ne a gurbin gyaran farashi, za a maye shi da matata iri ɗaya da ta waya, da jerin gwaji iri ɗaya. Gurbin hekta bai karɓi eka ba. In za a ƙara, eka ɗaya murabba'in mita 4047 ne in an cike, kuma sai an ajiye da wane ma'auni aka shigar. Wayoyin da ba su sabunta ba suna ci gaba da turo nauyi da kilo, don haka uwar-garke za ta fara ƙin duk saƙon da bai zo da lambar sabuwar siga ba, bayan an sanar da akawunan a taron Lahadi a Gumel.